Kada Gide Ya Sani

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa cigiyar hulata alhali tana kaina. Ranar ce kwamfutar da nake ciyarwa da wutar solata, nake share wa ƙura da gefen rigata, ta tashi a gaban dattawa ta yi mini tsirara, kuma a cikin ɗakina.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san girman wanda ya faɗi. Ni Babarbare ne haifaffen Kazaure. Kakana ne ya zo daga gabas da fataucin kanwa, ya ga ruwa ya ga duwatsu ya ce ya iso. Barbarcin da ya rage a bakina bai wuce na gaisuwa da na zagi ba, amma zanen fuskata yana nan raɗau. Boko kuwa na yi shi har aji huɗu, inda ni da lissafi muka rabu ba baram-baram ba, kowa ya yafe wa kowa. Da wannan ilimi na yi aikin masinja a ofis har na yi ritaya. (Kada ku raina. Babu takardar da ta taɓa isa teburin babba ba ta bi ta hammatata ba.)

Ina da aboki, Alhaji Gide, Bafulatanin wata ruga a wajen Roni. Kun san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani: wasa ne da muka tarar, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ni da Gide mun ɗauki abin kamar aikin albashi. Tun muna samari, in muka haɗu a kara ranar kasuwa, sai masu sayen shanu su bar ciniki su kewaye mu. Shi ya ce kaza ce ta yi tonon tsaba a fuskata. Ni in ce Fillanci ba yare ba ne, kukan maraƙi ne aka yi wa kwalliya. Har na taɓa dafa ƙirji a gaban jama'a na ce, "Duk ranar da aka ji kalmar Fillanci ɗaya a bakina, a sa mini igiya a wuya a kawo ni nan kara a sayar." Aka tafa mini. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Sai Allah ya yi nasa ikon. 'Yata Falmata ta rasa wanda za ta so duk faɗin ƙasar nan sai ɗan Gide. Yaron kirki ne, malamin dabbobi, ban sami abin kushewa ba sai ubansa. Aka yi aure, suka zauna nan Kazaure, aka haifi mace, aka sa mata sunan mahaifiyata. Don haka ba na iya kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Tun tana tsumma a kan cinyata take barci. Ni na fara sa mata dabino a baki.

Da lokacin yaye ya yi, matar Gide ta zo ta goya ta, aka tafi da ita ruga. 'Yar fari ce, ta kaka ce, babu mai cewa uffan. To, yayen nan har yau ba a gama shi ba. Yarinya ta buɗe baki a cikin shanu, 'yar Hausar da ta fara kamawa ta zube, Fillanci ya maye gurbinta.

Wata Sallah na hau bayan ɗan acaɓa na tafi rugar, aljihuna cike da alewa. Na hango ta tana wasa da ƙoƙo a gindin bishiya. Na durƙusa na buɗe hannuwa na ce, "Zo, Uwata. Zo ga ɗanki." Ta ɗago ta dube ni, ta kurma ihu, ta ruga ta shige bayan rigar Gide ta ƙanƙame ƙafarsa.

Gide ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ka gani ko, bawana? Yarinya ta san ɗa, ta san bawa."

Ni ma na yi dariyar, don dokar wasan ke nan. Na ce ai warin nono ne ya toshe mata hanci. Amma da na dawo gida matata Hajiya ta ajiye mini tuwo, na dube shi ya dube ni. Na sake zuwa, ta sake gudu. Aka kawo ta Kazaure, ta ga fuskata a zaure, ta juya. Sai na yanke a raina cewa yare ne ya raba mu: tana jin wani ƙaton tsoho yana yi mata gwalan-gwalan da abin da ba ta fahimta. In ina son Uwata ta dawo cinyata, dole in koyi kukan maraƙi.

Amma a wurin wa? Duk Bafulatanin da na tambaya, kafin la'asar labari ya isa Roni. Sai na ɓullo da dabara. Akwai wata dattijuwa mai tallan nono da ke zama kusa da tasha. Kullum sai in je in sayi fura, in ce, "Ke, yaya ma kuke cewa 'zo nan' a wannan shirmen naku?" Ta harare ni ta faɗa. In yi tsaki in ce, "Ji wata magana don Allah," in tafi ina maimaitawa a zuci har gida, ba na ko amsa sallama a hanya kada ta zube. (Na sha furar da ban taɓa sha ba a rayuwata. Hajiya har ta fara zargin ko tuwonta ne ya daina yi mini daɗi.)

Nan kwamfuta ta shigo. Ɗana Bukar, wanda ke aiki a Dutse, ya bar mana tsohuwar tasa a gida, irin mai naɗewar nan, don a riƙa kallon wa'azi da hotunan jikoki. Ya nuna mini yadda take ɗaukar mutum da muryarsa. To, da hantsi in Hajiya ta shiga maƙwabta, sai in sa sakata, in zauna gaban na'ura in gyara hula, in yi ta faɗin abin da na samo, sannan in kunna in ga yadda bakina ke yi. Ba kyan gani. Wani tsoho ne mai zane yana murguɗa leɓe kamar ya tauna barkono.

Ga inda aikin ofis ya cuce ni. A wurinmu, fayil marar suna fayil ne ɓatacce. Tsohon magatakardan da na yi wa aiki yakan ce a rubuta a bangon fayil abin da ke cikinsa, dalla-dalla, da manyan baƙaƙe, yadda ko baƙo ya ɗauka zai gane. Wannan tarbiyya ta shiga jinina. Saboda haka duk ɗaukar da na yi, in na'ura ta tambaye ni suna, sai in zauna da yatsa ɗaya in ba ta suna na gaskiya, cikakke, ba ha'inci.

Ana nan sai autan Gide ya yi aure. Aka ɗauki bikin a bidiyo, aka zuba a 'yar filashi. A ruga ba talabijin, don haka Gide ya aiko cewa ranar Juma'a bayan an sauko zai zo da mutanensa su kalla a gidan bawansa, a tanadi tabarma da shayi. Na ce su zo, ai dama aikin ubangida ne ya nuna wa na daji haske.

Tun ranar Laraba na yi shara. Na bi fayilolin nan ɗaya bayan ɗaya na goge. Na san ma akwai kwandon shara a cikin na'urar inda abin da aka goge ke taruwa (ba na gaya muku na yi aji huɗu ba?), na shiga nan ma na zazzage shi. Na duba ko'ina, fes. Har na ɗan tausaya wa mutanen da ba su da ilimin zamani.

Juma'a ɗaki ya cika. Gide da ƙannensa da manyan sandunansu, maƙwabtana, limamin unguwa, da wani abokinmu Malam Sule, tsohon hedimasta daga Gwiwa. Mata suna cikin gida, har da Uwata, wadda ta shigo a bayan kakarta ta rufe fuska da ta hango ni. Shi Malam Sule yana da wata larura da duk wanda ya san shi ya sani: idonsa ba ya sauka a kan rubutu bakinsa bai karanta shi da ƙarfi ba. In kuna tafiya a mota, duk allon da aka wuce da duk abin da aka rubuta a bayan tirela sai kun ji shi, da muryar tara ɗalibai.

Surukina, mijin Falmata, ya ce, "Baba, kawo in haɗa."

Na ce, "Zauna, ɗan nan. Ku bar mai ilimi ya yi aikinsa. Gide, matso ka ga abin da ba a tatsa."

Na jona waya daga kwamfuta zuwa talabijin yadda Bukar ya koya mini. Na soka filashi. Na buɗe abin kunna bidiyo. Sai dai maimakon in taɓa inda zan nemo bikin, yatsana ya zame ya taɓa na kusa da shi. Wani dogon jeri ya zubo daga sama har ƙasan talabijin, da manyan baƙaƙe, irin rubutun da na sani kamar tafin hannuna.

Kafin ƙwaƙwalwata ta gama gane abin da idona ke gani, Malam Sule ya gyara tabarau ya yi gyaran murya.

"KOYON FILLANCI A ASIRCE, KASHI NA FARKO."

Gide ya ajiye kofin shayi a hankali.

"KOYON FILLANCI, KASHI NA BIYU, BAKINA YA KARKACE."

Na ce, "Malam Sule, wannan ba namu ba ne, daga kamfani yake zuwa."

"GAISUWAR SAFE, MAI NONO TA CE NA YI KAMAR TUNKIYA."

Na kai wa na'ura duka da yatsa, ina danna sunan don ya ɓace. Sai ta fito da wani ɗan akwati da Turanci, wanda Malam Sule ya karanta kuma ya fassara wa jama'a kyauta: wai ba a sami fayil ɗin ba, ko an goge shi. Wato kayan sun tafi, sunayen ne suka ƙi bin su. Na kawar da akwatin, jerin ya dawo.

"KADA GIDE YA SANI."

Jama'a, ban san dattawa na iya irin wannan dariya ba. Wani ƙanin Gide ya faɗi a kan tabarma yana shure-shure. Liman ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Na miƙe na baza babbar rigata a gaban talabijin kamar mai shanya, sai Malam Sule ya karkata kai ya ci gaba da karantawa daga fuskar kwamfutar.

"KADA GIDE YA SANI, NA BIYU."

Na fizge wayar wuta daga bango. Talabijin ta mutu. Kwamfuta kuwa, da yake da batirinta, ko gezau.

Gide ya miƙe tsaye, hawaye na zuba, yana nuna ni da sanda. Ya ce, "A kawo igiya! Wallahi a kawo igiya! Jama'a ku shaida, da bakinsa ya faɗa a kara. Wa zai taya? Tsoho ne, ba haƙora, amma yana jin Fillanci kashi biyu!"

Wani ya ce, "Na saya da ƙwaryar nono!"

Gide ya ce, "Na sallama! Ya yi tsada ma."

Ni dai ina tsaye riƙe da waya a hannu, zufa na bin zanen fuskata layi-layi. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Malam Sule bai tsaya ba, don shi in ya fara shafi sai ya kai ƙarshe. Muryarsa ta ratsa dariyar.

"YADDA ZAN CE WA UWATA ZO NAN."

Dariya ta ragu.

"YADDA ZAN CE MATA NI BA DODO BA NE."

Ya ɗan dakata, ya dube ni ta saman tabarau. Na ga yana so ya yi shiru, karo na farko a rayuwarsa, amma larura larura ce. Ya karanta na ƙarshen a hankali.

"YAU MA TA GUDU. BAN IYA KARATU BA YAU."

Babu wanda ya ƙara motsi. Ana jin ƙarar cokali daga cikin gida. Ni kuwa wannan shirun ya fi dariyar ƙona ni, don dariya na san yadda ake rama ta.

Gide ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon tabarma, yana murza gemu. Can ya ce, "Bawana."

Na ce, "Faɗi abin da za ka faɗa, yau ranarka ce."

Ya ce, "Ba yare ba ne."

"Me?"

"Ba don yare take gudunka ba." Ya share fuska da tafin hannu. "In ta ƙi barci, ko ta nufi rijiya, mukan ce mata, 'Ga Babarbare nan mai zane zai kama ki.' Ni na fara. Wasa nake. Duk gidan suka ɗauka." Ya dubi ƙannensa, suka sunkuyar da kai. "Wallahi ban taɓa kawo wa raina abin yana cinka ba. Kullum ta gudu sai in ga kana dariya."

Na ce, "To da kuka kake so in yi a gaban Bafulatani?"

Ya ce, "Da ka yi, ai da ban kai ka shan furar mai nono ba."

Ya tashi ya yi sallama cikin gida. Jim kaɗan sai ga shi ya fito da Uwata a kafaɗa. Tana ganina ta cusa kai a wuyansa. Ya zauna da ita, ya yi ta yi mata magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Daga cikin abin da ya faɗa na tsinci kalma biyu ko uku (furata ba ta tafi a banza ba). Sannan ya kamo hannuna ya ɗora a kan nasa gemun, ya kama ɗan yatsanta ya bi zanen kumatuna da shi, layi ɗaya bayan ɗaya, don ta ga ba ya cizo.

Ya ce da ni, "To, ɗalibi. Karanta abin da ka koyo. Ka zauna ƙasa, ka cire wannan hular mai kama da turmi."

Na cire hula a gaban liman da kowa. Na zauna dirshan. Na buɗe baki na gaishe ta, sai gaisuwar safe ta fito, alhali an kusa kiran la'asar. Mutanen Gide suka ƙunshe dariya. Na sake tattaro ƙarfina na miƙa hannu na ce, "Inna am, war." Wato, Uwata, zo.

Ta leƙo da ido ɗaya. Ta dubi Gide. Ta faɗi wata magana da 'yar siririyar muryarta, ɗakin ya sake fashewa.

Na ce, "Me ta ce?"

Gide ya ce, "Ta ce wannan dodon bai iya magana ba." Ya share ido. "Ta ce a sake."

Na sake. Ta gyara mini, tana buɗe baki sosai yadda ake yi wa jariri. Na sake. A karo na ban san nawa ba, ta sauko daga cinyar kakanta, ta tako, ta tsaya nesa kaɗan, ta miƙo yatsa ta taɓa zanena da kanta. Sannan ta zura hannu a aljihuna, inda alewa ke jiranta tun Sallar da ta gudu (ba ita ba ce dai, ina sabuntawa), ta ɗauka ta koma da gudu. Ba ta hau cinyata ba ranar. Amma gudun da ta yi da dariya ta yi shi.

Bidiyon biki kuwa ba a kalla ba sai wani makon.

Da daddare ban kira Bukar ba, sai da safe, bayan na huce. Na ce, "Kai, wace irin munafukar na'ura ka bar mini? Na goge abu, na zubar da shara, ta tashi ta kira sunayensu a gaban mutane."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Baba, ai abin kunna bidiyon yana riƙe sunayen abubuwan da aka buɗe kwanan nan, a wani wuri daban. Goge fayil ba ya goge wannan. Kamar rajistar ofishinku ce: ko an ƙone fayil, sunansa na nan a littafin shige da fice."

Shekara da shekaru ina ɗaukar wannan littafi daga tebur zuwa tebur, amma ban taɓa zaton na'ura ma tana da magatakarda ba.

Ya ce, "Abu ne mai sauƙi. In na zo zan share maka, ko in gaya maka inda za ka taɓa yanzu."

Na ce ya bari tukuna.

Yanzu duk ranar kasuwa Gide na zuwa da ita a gaban babur ɗin ƙaninsa, ya ajiye mini ita ya wuce kara. In ya dawo sai a zauna darasi a zaure. Sharaɗinsa ɗaya ne: muddin ana karatu, Malam zan riƙa ce masa. Ina faɗa, ina haɗiye wa kamar maganin zazzaɓi, kuma duk Kazaure ta sani. Yara a unguwa in sun gan ni sai su yi kukan maraƙi. Mai nono ta daina karɓar kuɗina, wai ɗalibi ba ya biya. Na rasa kambun da na riƙe tun samartaka, kuma ban ga alamar zan sake ɗaga kai a kara ba har in mutu.

Na gode wa Allah da ya sa yatsana ya zame. Na gode wa Malam Sule da bakinsa marar birki. Har na'urar ma na yafe mata, don da ta yi mini biyayya yadda na so, da har yau ina kulle a ɗaki ina murguɗa baki, Gide na can yana tsorata yarinya da ni, kowannenmu na ganin wasa yake.

Darasin da na koya, ga duk tsohon da ke da abin ɓoyewa a kwamfuta: gogewa ba ta isa ba, ka nemi wanda ya sani ya share maka har sunan. In kuwa girman kai ba zai bar ka ka tambaya ba, kamar ni, to kada ka ba fayil sunansa na gaskiya. Ka sa masa JAWABIN BABBAN BAƘO A TARON RABON TAKI. Ko Malam Sule sai ya yi hamma kafin ya kai ƙarshe.

Makon jiya Uwata ta yi barci a cinyata ana tsakiyar darasi. Ƙafata ta mutu, Malam Gide na ta yi mini tambaya, ni kuwa na ƙi amsawa kada motsin bakina ya tashe ta. Ya ce na faɗi jarrabawa. Na yi masa alama da hannu ya rubuta.